Tsaya-Tukuna da Jikar Masaƙa

Ba sunan da iyayensa suka sa masa ke nan ba, amma ko maiɗakinsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno na ainihin. A masaƙa ya samo shi. Da masaƙar ta rufe aka sallami ma'aikata, kowa ya fita da abin da ya tara, shi kuwa Tsaya-Tukuna ya fita da sunan nan, da kunnensa, da labarin wani kamfanin motoci na ƙasar Japan wanda duk wanda ya zauna kusa da shi minti goma sai ya ji.

Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga masaƙar a matsayin mai shara. Aikinsa ya tattara burbushin audugar da ke taruwa a ƙarƙashin injina. Zaure ɗaya injin saƙa arba'in da takwas, ƙoshiyar kowanne na kai da komo kamar ana tafka wa wani mari. Ƙarar wurin ta kai ma'aikata ba sa magana sai da hannu da gira. Wata rana yana cikin shara ya tsaya gaban inji na talatin da ɗaya, ya karkata kai, sannan ya je ya ja rigar shugaban sashe ya nuna masa injin. Shugaban ya duba, ya ga inji na saƙa lafiya lau, ya dungure masa ƙeya ya wuce. Ba a yi awa biyu ba injin ya tsinke bel ya yi cilli da ƙoshiya har bango. Washegari aka karɓe tsintsiyar aka miƙa masa sufana.

A shekararsa ta uku da fara gyara, kamfanin da ya ƙera injinan ya aiko wani injiniya daga Japan, ɗan gajere mai farar hula, ya yi mako uku. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma a zauren da ba mai jin kowa wannan ba wata hasara ba ce. Ranar farko ya tara masu gyara, ya ɗauki almakashi ya datse zare ɗaya tak a cikin dubban zaren da ke kan inji. Nan take injin ya tsaya da kansa. Mutumin ya ɗaga tafin hannu, alamar a dakata, sannan ya ware yatsunsa biyar. Lokacin cin abinci tafinta ya yi bayani: in abu ya ɓaci a tsaya, ko da ƙarami ne, a kuma tambayi dalili sau biyar kafin a sa hannu. Sauran masu gyaran suka gyaɗa kai suka manta. Shi kuwa tun daga ranar, ko gaishe shi ka yi yana sauraron inji sai ya ɗaga maka tafin hannu. Sunan ya bi shi.

Labarin kamfanin daga bakin tafintan nan ya fara jin sa, sauran ya tsinta a mujallu. Wanda ya kafa gidan ɗan wani kafinta ne da ya tashi yana kallon mahaifiyarsa tana saƙa da hannu, ya yi ta ƙoƙari har ya ƙera injin da ke tsayawa in zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Ɗansa ne ya juya zuwa ga motoci bayan an sayar wa wani kamfanin Ingila izinin ƙera injin. A masana'antar motocin kuma an rataya igiya, ma'aikacin da ya ga kuskure yana da ikon ya ja ta layi ya tsaya. Wanda ya buɗe littattafai zai tarar da wannan duka, ko da ɗan bambanci. Abin da ba zai tarar ba shi ne ƙarin da Tsaya-Tukuna ke yi in labari ya yi daɗi, wai tsohon da kunne yake ɗaukar ma'aikata, in ka kasa bambance kukan sauro namiji da na mace sai ka koma gidanku.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a masaƙar. Da kuɗin sallamarsa ya sayi mota ta kamfanin, fara, wadda mutum biyu suka riga shi shiga. Dillalin na ta zuba yana yabon kujeru da rediyo, shi bai ko kalle shi ba. Ya sa aka tayar da ita, ya ciro wata doguwar sanda da ya fito da ita daga masaƙa, ya ɗora kanta a jikin inji, gindinta a kunnensa, ya rufe ido. Da ya ɗago sai ya ce, "Jininsu ɗaya." Ya sa mata suna Jika, don a lissafinsa masaƙar hannun tsohuwar ita ce kaka, injin saƙa 'yarta, mota kuwa jikanya.

A nan wahalar gidan ta fara, domin yadda ya riƙe injin saƙa haka ya riƙe mota. Da ya ji wani motsi da bai yarda da shi ba, sai ya ɗaga tafin hannu, ya gangara gefen hanya, ya kashe, ya fito da sanda. Maiɗakinsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata har shi. Tun a watan farko ta fahimci abin da ta shiga, ta ajiye 'yar kujera mai naɗewa da jan biro a but ɗin motar. Takan ce jarrabawar zango guda cur ta taɓa makawa a bakin titi.

Ranar da makarantarsu ta shirya mata walimar ritaya, sun fito da wuri, ta sha ado. Ba su yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Malam, don Allah yau ɗaya."

"Ba ki ji ba? Ƙas, ƙas, ƙas. Daga baya, ɓangaren hagu."

"Na ji. In mun dawo ka duba."

"In mun dawo. Haka shugaban sashe ya ce ranar inji na talatin da ɗaya."

Ya cire tayar baya, ya leƙa, ya mayar. Ya shiga ƙarƙashi da farar rigarsa ya girgiza salansa. Ya fitar da duk abin da ke cikin but ya jera a gefen hanya kamar mai gwanjo. Can aka gano murfin fulas ɗin shayin Malama ne bai ɗauru ba. Suka isa makaranta ana tattara kujeru, shugaban makaranta ya karanta mata jawabin yabo a tsaye a bakin ƙofa, su uku. A hanyar dawowa ta juya fuska tana kallon taga. Shi kuwa yana ta nanata cewa ai an gano dalili.

Garejin da yake kai ta na wani bakanike ne da ake kira Dogo. Akwai benci a inuwar wajen inda masu irin motar kan zauna su yi ta cika baki. Wani tsohon direban tasi ya ce tasa ta ci hanya har lambobin awon tafiya suka ƙare suka koma sifili, ya sake sayar da ita a matsayin sabuwa. Mai Burodi, wani ƙaton mutum mai gidan burodi a bayan kasuwa, ya ce shi buhun fulawa goma sha biyu yake loda wa tasa, kuma rabonsa da sauya baƙin mai tun kafin a haifi ƙaramar 'yarsa, yarinyar kuwa ga ta nan ta fara tafiya.

"Ko tari ba ta yi," in ji Mai Burodi. "Motar nan ba ta san ciwo ba."

"Ta sani," in ji Tsaya-Tukuna. "Tarbiyya ce ta hana ta faɗa maka."

Dogo kuwa in ya hango farar motar na shigowa sai ya dafe kai, ba don aikin ba, don tambayoyin.

"Me ya sa take wannan ƙarar?"

"Noti ne ya kwance, Baba."

"Me ya sa ya kwance?"

"Girgiza."

"Me ya kawo girgizar?"

"Hanya, Baba. Ramuka."

"Me ya sa hanyar ta yi ramuka?"

"Baba, wannan kuma ya fi ƙarfin garejina."

"Saura ɗaya."

"Ka riƙe ta sai wani zuwan."

Gaskiya dai a faɗe ta: shekara goma sha huɗu Jika ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. Ko sau ɗaya ba a tura ta ba. Ita ba ta tsayawa, shi ne ke tsayawa. In aka yi masa ƙorafi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, Malama ta ƙarasa masa karin maganar daga kujerar gefe, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yana da shekara sittin da huɗu wata sabuwar ƙara ta ɓullo. Siririya ce, kamar fito daga nesa, siii, ba ta hawa ba ta sauka. Ya tsaya ya saurara da sanda, bai gano daga inda take ba. Ya kai wa Dogo. Dogo ya sauya bel ɗin fanka, ƙara na nan. Ya duba ƙafafu huɗu, ya duba lagireto, ya bi duk wata roba ta ƙofa da ta gilashi da yatsa. Ya ɗauki motar ya zaga unguwa sau uku ya dawo ya rantse bai ji komai ba.

"Kai da ka saba da guduma me za ka ji?" in ji Tsaya-Tukuna. "Ruwa ba ya tsami banza. Sake dubawa."

Tafiyar da a da yake tsayawa sau ɗaya ta koma sau huɗu. Sannan wata Talata da hantsi, suna tsakiyar babban shataletalen kasuwa, ƙarar ta yi masa tsini a kunne. Hannunsa ya ɗaga, ƙafarsa ta taka birki, a nan inda yake. Wata doguwar bas da ke bayansu ta ja birki har tayoyinta suka yi hayaƙi, ta tsaya saura taki ɗaya. Kwandasta ya sauko ya zazzage masa duk abin da ke bakinsa. Malama ta koma gida a tasi.

Da yamma autarsu ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce a babban asibiti, kuma duk cikin 'ya'yan ita kaɗai ce ba ta jin nauyin faɗa masa magana. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara.

"Baba, makullin."

"Sannu da zuwa, Auta. An tashi aiki lafiya?"

"Lafiya lau. Makullin, Baba. Na yi waya da su Yaya, duk bakinmu ɗaya. Yau bas ce ta tsaya, gobe wa ya san wadda ba za ta tsaya ba?"

"Motar tana da matsala. Ina gab da gano ta."

"To in tana da matsala a sayar. Na ma samu mai saye. Mai Burodi ya ce tasa ta yi masa kaɗan, yana son ta biyu."

Tsaya-Tukuna ya dafe bango. Ya hango Jika an cire mata kujerar baya, an danƙara mata fulawa har rufi, baƙin manta ya koma kamar kwalta. Ya ce in dai yana numfashi ba za a yi wannan ba. Aka yi ta ja har Malama ta raba gardamar: a ba shi zuwa Asabar. In ya nuna wa Dogo inda ƙarar take aka gyara, makulli nasa. In bai nuna ba, Auta ta karɓa ta yi yadda ta ga dama.

Ranar Asabar da safe benci ya cika, har da Mai Burodi, wanda ya zo da igiyar awo ya fara gwada faɗin but yana yi kamar ba komai. Malama ta warware kujerarta ta zauna. Auta ta tsaya ta harɗe hannu. Dogo ya ɗaga murfin inji ya tayar da mota, Tsaya-Tukuna ya kafa sanda ya rufe ido. Ya gwada nan, ya gwada can, yana matsawa kaɗan-kaɗan.

"Rage wuta," ya ce, ido a rufe. Dogo ya rage.

"Ƙara ragewa."

Babu sauran abin ragewa, don haka Dogo ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makulli. Injin ya yi ajiyar zuciya ya mutu. Tsaya-Tukuna ya riga ya ɗage sandar daga jikin inji, ya sunkuya wajen fitilar hagu yana bin ƙarar da kunne.

"Yauwa," ya ce a hankali. "Yanzu ta fito sosai. Kun ji ta? Siii. Ga ta nan, kusa take. Kada kowa ya motsa."

Ba wanda ya motsa. Fanka ta tsaya cak. Ana jin kukan tattabaru a rufin kwano. Direban tasi ya buɗe baki zai yi dariya, Malama ta juyo ta yi masa irin kallon da ta shekara talatin tana yi wa 'yan aji shida, ya mayar da dariyar ciki.

Tsaya-Tukuna ya buɗe ido. Ya ga fankar, ya ga makullin a hannun Dogo. Ya daɗe yana kallon su.

"Tun yaushe ka kashe?"

"An ɗan jima, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya goge bakin sandar da gefen rigarsa, ya rufe murfin inji da hannu biyu, a hankali, ya ɗan shafa shi. "Ashe ƙazafi na yi mata," ya ce.

A gida ya ƙi shiga ɗaki. Ya zauna cikin motar a tsakar gida, gilashi a rufe, rana na dukan rufi. Ƙarar na nan tare da shi, siii. Can Malama ta buɗe ƙofar gefe ta shigo ta zauna a wurinta, ta miƙa masa ruwa.

"Malama, ranar shataletale. Mai bas ɗin ya danna ham?"

"Har masu kanti sai da suka fito."

"Ban ji ba."

"Na sani. Wata nawa ina kiranka sau uku kafin ka amsa, na ɗauka sabon salon miskilanci ne."

Auta ta kai shi wajen likitan kunne. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki aka toshe masa kunnuwa, aka ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya ɗaga tun ba a kunna na'urar ba. Likitan ya tambaye shi aikin da ya yi, da ya ji masaƙa shekara talatin da ɗaya sai ya ajiye biro. Ya ce ƙarar injinan ce ta ci kunnen a hankali, fiton kuma mai yiwuwa ya ragu amma ba lalle ya tafi ba. Aka ba shi wata 'yar na'ura kamar ƙwayar wake da ake maƙalawa a kunne. Ranar da ya fara sa ta ya gano cewa firjin gidansu na da matsala, famfon banɗaki na ɗiga, Malama kuma tana magana ita kaɗai in tana wanke-wanke.

Auta ta yi masa adalci, ta ce su gwada tafiya ɗaya da na'urar. Daga gida zuwa asibiti ya tsaya sau biyu. A na biyun bai ko fito ba, ya riƙe sitiyari yana kallon gaba.

"Baba, ka san fa a kunnenka take."

"Kaina ya sani. Ƙafata ce ba ta sani ba."

Da suka dawo ya ajiye makullin a kan teburin falo da kansa. Ya ce tuƙi kam ya bari, amma Jika ba za ta je gidan burodi ba. Auta ta ce mota ba kayan ado ba ce, in aka ajiye ta ruɓewa za ta yi, ita tana da tata, yayyenta kuma duk suna nesa. In akwai mai tuƙa ta a gidan, to ta zauna. In babu, Mai Burodi ya riga ya auna but.

Suna cikin haka Malama ta ajiye tiren da ke hannunta, ta ɗauki makullin ta jefa a jakarta.

"Mama, ke?"

"Shekara goma sha huɗu ina zaune a gefe ina kallo. Tsayawa dai na haddace. Tafiyar ce kawai za a koya mini."

Shi ya fara koya mata, a filin ƙwallon tsohuwar makarantarta. Darasin farko ya ƙare ba a tayar da mota ba, don sai da ya fara daga ɗan kafinta da mahaifiyarsa. A na biyu ya ɗaga mata hannu sau tara kafin ta kai ragar farko. Ta sauke shi a inuwa ta kira Dogo. Wata uku ta samu lasisi, a gwaji na biyu, bayan ta gyara wa jami'in gwajin kuskuren rubutu a takardarsa.

Tuƙin Malama ba irin nasa ba ne. Rami in ƙarami ne ba ta ganin dalilin kauce masa. Rediyo a kunne take tafiya. Giya kuwa sa ta take yi kamar tana tura yaro mai taurin kai cikin aji. Ranar da suka fara doguwar tafiya, zuwa gidan babban ɗansu don ganin sabon jariri, Tsaya-Tukuna ya zauna a kujerar gefe ya ɗora hannuwansa a cinya ya danne ɗaya da ɗaya. Suna hawa babban titi ta nemi giya ta uku ba ta gama taka kuloci ba. Jika ta yi wani gurnani da ya ji har cikin haƙoransa.

"Ka ce wani abu, Malam?"

"A'a."

Ya sa yatsa biyu ya zare 'yar na'urar daga kunnensa, ya naɗe ta a hankici, ya sa a aljihun gaba. Malama ta ci gaba da ba shi labari, yana gyaɗa kai a inda ya ga ya dace. Bishiyoyi na wucewa da saurin da bai taɓa ganin sun yi ba.

An ce musu ƙarfe goma, suka isa goma saura minti biyar. Suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Can surukarsu ta buɗe da tsintsiya a hannu, ɗankwali a karkace, ko tukunya ba ta ɗora ba. Ta dube su, ta dubi motar, ta juya ciki ta ce wa mijinta ya tashi ya sa riga, su Baba ne.